AIKIN DA BA ƊINKI

Shafi na 19

Masu turo min saƙo wai na shirga ƙarya a shafin baya, wai ba a aikin mahaifa sai an yanka ciki: ana yi, ku tambayi likitoci. Irin wannan musun naku ne ma ya kawo mu inda muke yau. Bismillah.

*

"Ɗage mu gani."

Mas'uda ta ɗago ido ta dubi Gwaggo Shatu, ƙanwar mahaifinta.

"Ke, da ke nake. Ɗage zanen. Duk nan mata ne."

Kwana tara kenan da sallamo ta daga asibiti a Kano, aka kawo ta jinya gidansu a Roni, ɗakin mahaifiyarta Inna Saude. Kwana tara ɗakin bai taɓa rabuwa da 'yan dubiya ba. Wata da fura, wata da ƙwai a leda, amma tambayarsu ɗaya ce: ina wurin aikin?

Ta ɗage zanen kamar na wata take ɗagewa. A matsematsin cinyarta ta dama akwai ɗan ɗigo kamar cizon sauro, kewaye da kwanciyar jini da ta soma komawa ruwan ɗorawa.

Gwaggo ta sunkuya har tana nishi.

"Ina?"

"Ga shi nan."

"Wannan?" Ta miƙe tana riƙe ƙugu. "Wallahi lambar da aka yi mana muna yara ta fi wannan tabo."

Matan suka kwashe da dariya. Gwaggo ta sassauta nata zanen, ta nuna wani dogon tabo mai kauri a ƙasan cibiyarta.

"Kin ga aiki. Haihuwar Muhsin ce, ɗinki goma sha huɗu. Wata biyu ban yi dariya ba, ko tari sai na rungume filo."

"Ba yankawa ake ba, Gwaggo," in ji Mas'uda. Ta faɗi maganar nan sau da yawa har ta zama kamar hadda. "Jijiyoyin jini ne suka cukurkuɗe a jikin mahaifar, su suke ɓallewa. Sai a zura wata siririyar roba ta jijiyar nan, a bi da ita har can ana kallo a allo, a tura abin da zai toshe su."

"Ke kina ina?"

"Ina kwance. Idona biyu."

"Idonki biyu!" Gwaggo ta tafa hannu. "Jama'a kun ji? An yi mata tiyata idonta biyu, likitoci suna kallon talabijin. Kwana nawa kika yi a gado?"

"Biyu."

"Ai ko mai zazzaɓi yana fin haka."

Aka sake dariya. Mas'uda ta sauke zanenta ta jingina da bango. Ba ta ji haushi ba. Ta laluba a ranta ko za ta samu haushin, ba ta samu ba.

Wata uku da suka wuce cikinta na wata huɗu ya zube. Aka yi mata wankin ciki a asibiti, aka ce shi kenan. Daga nan jinin ya koyi zuwa ba sallama. Tana tsaye tana suya, tana zaune kan sallaya, sai kawai ya ɓalle kamar an kwance famfo. Jini leda bakwai aka ƙara mata. Wani wuri tsakanin leda ta huɗu da ta biyar ta daina kuka, ta daina tsoro, ta daina tambaya. A ce tashi, ta tashi. A ce kwanta, ta kwanta.

Likitar Kano, wata siririyar mace mai magana a hankali, ita ta nuna mata hoton mahaifar, wani dunƙule ja da shuɗi kamar zaren da yaro ya yi wasa da shi. Sau uku ta tambaye ta:

"Sau nawa aka yi miki wankin ciki?"

"Sau ɗaya."

"Kin tabbata?"

"Sau ɗaya, Likita."

Ranar sallama ta riƙe hannunta ta ce, "Za ki ɗan riƙa ganin ɗigo, mara za ta riƙa murɗawa, wannan ba komai. Ki dawo bayan sati shida mu sake hoto. Amma ko wa ya ce zai yi miki wankin ciki, ko a wane asibiti ne, ki ce a'a. Ƙarfe ya taɓa wurin nan, ba na jin za a iso da ke." Ta rubuta haka a takarda ta ba ta.

Inna tana zaune a gefen gado ranar. Ta ji komai.

Da 'yan dubiya suka watse, Mas'uda ta hango Inna da Gwaggo ta gefen labule, suna tsaye wurin igiyar shanya, kusa da zanen da ta kwana da shi.

"Har yanzu ana gani," in ji Inna ƙasa-ƙasa.

"Sauran ɓarin ne, Saude. Tun farko na faɗa miki saura ne. Filasta suka manna mata suka sallame ku."

Gwaggo ta kwance bakin mayafinta, ta danƙa wa Inna wata 'yar takarda a ninke. Inna ta soke ta a haɓar zani.

Mas'uda ta gani. Ta juya fuskarta bango.

*

Washegari da hantsi Inna ta shigo da kunun gyaɗa a kofin silba.

"Tashi ki sha. Kazaure za mu je a duba yawan jininki."

"Abban Yasmin ya sani?"

Mijinta Sharfuddeen yana aiki a Kazaure, ranar Juma'a yake zuwa duba ta. Yau Talata.

"Za mu same shi a can," in ji Inna, idonta a kan tabarma.

Mas'uda ta sha kunun. A ƙasan kofin akwai wani gari-gari da ya maƙale mata a harshe. Ta haɗiye. Tun da aka fara wannan jinya komai ɗanɗanonsa ɗaya.

"Shanye duka."

Ta shanye.

Yasmin, 'yarta mai shekara huɗu, ta riga ta rataya 'yar jakarta ta makaranta ta tsaya a bakin ƙofa. Tun ranar da ta ga an fita da uwarta a kan tabarma, ko banɗaki Mas'uda ta shiga sai ta tsaya a ƙofa tana jira.

"Ke ki zauna gida," in ji Inna.

"Ni da Ummata zan je."

"Bar ta, Inna," in ji Mas'uda. Maganar da ta fi tsayi kenan da ta yi da son ranta tun safe.

Motar Maikasuwa direba tana ƙofar gida, Gwaggo ta riga ta hakimce a gaba. Inna ta karɓi wayar Mas'uda ta jefa a jakarta.

"Kar ta faɗi a mota."

Suka fita gari. Duwatsu suna wucewa ta taga, gero ya fara kai, wasu Fulani suna kora shanu a gefen titi. Yasmin tana ƙirga su, tana tsallake bakwai kullum. Marar Mas'uda ta ɗan murɗa. Ta ɗora hannu a wurin.

Da suka zo mahaɗa, maimakon Maikasuwa ya miƙe Kazaure, sai ya karkata hanyar Gwiwa.

Mas'uda ta ga allon. Ta ga ƙeyar Gwaggo ba ta motsa ba. Ta ga yatsun Inna suna jan carbi da sauri fiye da kullum.

Ta yi niyyar tambaya. Tambayar ta zo har maƙogwaronta, ta ga aikin ya yi yawa, ta koma.

Bayan tafiya mai ɗan nisa suka sauka daga kwalta, suka bi burji zuwa wani ƙauye. Motar ta tsaya gaban wani kemis mai shuɗiyar ƙofa, gefen injin niƙa.

"Maikasuwa, je ka yi lodinka," in ji Gwaggo tana fita. "Sai bayan la'asar ka dawo. Za ta yi barci."

Mas'uda ta ji wannan ma. Wa yake barci a awon jini? Ta fito, ta gyara hijabinta, motar ta juya ta tafi.

Sai Yasmin ta ƙwace hannunta ta ruga cikin shagon.

"Baba mai alawa! Umma, gidan Baba mai alawa ne!"

Ba ta yi dube-dube ba. Kai tsaye ta wuce bayan kanta, wurin wata kwalba mai jan murfi, ta tsaya tana ɗage.

Wani dattijo mai farar riga tsaf ya fito yana goge hannu da tawul. Malam Sama'ilu sunansa, amma duk yankin Dakta ake ce masa. An ce ya taɓa aiki a asibiti, ba wanda ya san aikin me.

"A'a, 'yar gidana! Kin ƙara tsawo." Ya miƙa mata alawa biyu, sannan ya dubi Mas'uda. "Sannu Hajiya. An sake dawowa? Ya ƙarfin jikin?"

Mas'uda ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ban taɓa zuwa nan ba."

Ya yi 'yar dariya, ya dubi Inna. Inna ta dubi ƙasa. Dariyar ta mutu a fuskarsa.

"Ku shigo daga ciki," in ji Gwaggo da sauri, ta tura ta ta baya. "Tsayuwa ba ta yi miki ba."

Ɗakin baya ƙarami ne. Gadon ƙarfe da baƙar leda a kai, bokiti a ƙarƙashi, wata tukunya a kan risho da ƙarafa a ciki suna tafasa. Warin aizal na goge asibiti ya cika ko'ina.

Mas'uda ta ɗaga kai. A silin akwai tabon yoyon ruwa, zagayayye, da wata 'yar jela ta gefe.

Ta san tabon nan.

Wata uku tana ganinsa a mafarki. Tana kwance, ƙafafunta a riƙe, tabon yana juyawa a samanta, wata murya tana cewa riƙe ta da kyau. Ta ɗauka zazzaɓi ne ya ƙirƙiro mata shi.

"Inna."

Inna ta kau da kai.

"Inna, na taɓa kwanciya a gadon nan?"

"Ke, ba lokacin surutu ba ne," in ji Gwaggo. "Dakta yana da mutane."

"Gwaggo, don Allah. Inna nake tambaya."

Muryarta ba ta tashi ba. Da ta tashi da ya fi sauƙi. Inna ta zauna a kan benci.

"Kwana biyar bayan na asibiti," ta ce. "Zazzaɓi ya rufe ki, kina ta sambatu, ba ki san wanda ke kanki ba. Mijinki yana Dutse wurin kwas. Shatu ta ce ba su wanke da kyau ba."

"Kuma ba su wanke ba," in ji Gwaggo. "Tambayi Dakta abin da ya fitar."

"Sai kuka kawo ni nan."

"Muka kawo ki."

"Da Yasmin."

"Ba wanda za a bar wa ita."

Mas'uda ta gyaɗa kai a hankali, kamar ana ba ta labarin wata maƙwabciya.

"Abban Yasmin ya sani?"

"Wa zai faɗa masa?" in ji Gwaggo. "Mutumin da ko fanadol bai yarda a saya a kemis ba? Da ya ɗaga mana gari."

"Likita ta tambaye ni sau uku, Inna. Kina zaune a gefen gado. Na ce sau ɗaya. Kina ji."

"Na ji."

"Ta ce yawan kankare wurin yana iya jawo wannan ciwon. Kina ji."

"Na ji." Inna ta sunkuyar da kai. "Bakina ne ya yi nauyi. In na faɗa, ni na yi miki kenan."

Mas'uda ta jira kuka ya zo. Bai zo ba. Ta jira faɗa. Shi ma bai zo ba. Abin da ta ji kawai mararta ce da ta sake murɗawa, wannan karon ta daɗe ba ta saki ba.

"To yau kuma me aka zo yi?"

"A ƙarasa," in ji Gwaggo. "A fitar da sauran ki huta. Minti goma ne. Kwana tara kina ɗigo, Mas'uda. In da sun yi aiki da ya tsaya."

"Ta ce zan ga ɗigo."

"Ai dole ta ce. Me za ta ce? Ban yi komai ba?"

"Ta ce kar a taɓa."

"Don ki koma wurinsu! Ke yarinya ce. Ni na ga aiki, na ji aiki a jikina. Wannan da ko zare ba a sa miki ba, me aka cire? Nuna min abin da aka cire. Ni nawa ɗa aka ciro aka nuna wa mijina."

Mas'uda ba ta da abin nunawa. Ba a cire komai ba. An toshe ne, a can ciki, inda ido ba ya kaiwa.

Sai Inna ta zamo daga benci ta durƙusa a gabanta, ta kama gefen hijabinta.

"Halima," ta ce.

Har Gwaggo sai da ta juyo.

Halima ce 'yar farin Inna. Tun da Mas'uda ta yi wayo ba ta taɓa jin sunan a bakin uwarta ba, saboda kunyar ɗan fari. Tana raye "waccan" take ce mata. Da ta rasu ta koma "yayarki".

"Halima haka ta yi. Ta haihu lafiya, aka ce komai ya fita. Ɗigo kaɗan-kaɗan, kwana takwas. Na ce a duba, aka ce jinin biƙi ne, na yi shiru. Ashe saura ne ya ruɓe a ciki. A cinyata ta cika, Mas'uda. Ina ji jikinta ya yi sanyi daga ƙafa." Ta ja numfashi. "Na yi shiru sau ɗaya. Ba zan sake zama ina kallon zane ina cewa ba komai ba. Ki yi min rai ki kwanta. In na yi laifi wancan karon, ki bar ni da Allah. Amma ki kwanta."

Mas'uda ta dubi kan uwarta, ɗankwalin ya zame, furfura ta fito. Ta san ba ƙiyayya ba ce. Da ƙiyayya ce da ta san yadda za ta yi da ita.

Ta gaji. Gadon yana nan, taku biyu. In ta kwanta kowa zai yi shiru. Inna za ta tashi daga ƙasa. Za a yi mata allura, tabon silin ya juya, shi kenan.

Ta taka ta zauna a bakin gadon. Ledar ta yi ƙara.

"Yawwa 'yar albarka," in ji Gwaggo. "Dakta, bismillah."

Malam Sama'ilu ya fasa bakin wata 'yar kwalba, ya soma zuƙe ruwan a sirinji.

Labule ya motsa. Yasmin ta leƙo, kumatu a cike da alawa, ɗayar a hannu.

"Umma, ɓare min."

Mas'uda ta karɓa ta ɓare mata.

"Yau ma barci za ki yi?"

"Fitar da ita," in ji Gwaggo.

"Kar ki daɗe, kin ji? Ran nan na yi ta tashin ki kin ƙi. Na ce Umma, Umma, kin ƙi." Ta cusa alawar a baki. "Ni na riƙe miki takalminki."

Mas'uda ta dubi yarinyar. Kitson da ta yi mata kafin a tafi Kano ya tsufa, ba wanda ya lura. Maɓallin rigarta na sama a ramin na biyu yake. Ta tuna Nafisat, 'yar Halima, da ta girma a ɗakin Inna, wadda duk abin da ta sani na uwarta hoto ɗaya ne a bango.

Ta sa hannu ta gyara maɓallin.

"Juyo, Yasmin."

Ta zuge 'yar jakar da ke bayan yarinyar. A aljihun ciki, cikin leda, tare da katin rigakafi, takardar likita tana nan da hoton a maƙale. Nan ta ajiye ta tun a Kano, don ta san duk inda za a kai ta, jakar nan tana biye.

Ta miƙa wa Malam Sama'ilu.

"Karanta kafin ka soka min."

"Wace takarda kuma?" in ji Gwaggo. "Dakta, rabu da ita, turancinsu ne na tsoratarwa."

Ya ajiye sirinjin. Ya ɗauko tabarau daga aljihu. Ya karanta a hankali, leɓensa yana motsi. Ya ɗaga hoton wajen hasken taga, ya daɗe yana kallon dunƙulen ja da shuɗi. Ya koma kan takardar ya sake karantawa daga farko.

Da ya sauke ta, goshinsa ya jiƙe.

"Hajiya Shatu, kin ce min saura ne."

"Saura ne mana."

"Ba ki ce min an yi mata aikin jijiya ba."

"Wane aiki? Ɗage ka gani, ko ɗinki—"

"Ba a ɗinki a wannan!" Muryarsa ta fashe, ya sassauta ta. "Ba saura ba ne. Jijiyoyi ne. In na sa ƙarfe na taɓa su, kafin a samo mota ta ƙare a gadon nan. Ni ba ni da jini, ba ni da komai. Innalillahi." Ya kashe rishon. "Ba zan taɓa ta ba. Ko me za ku ce."

"Kai ka jawo min shi?" in ji Mas'uda. Ba zargi a muryar. Tambaya ce kawai.

Ya kasa kallonta.

"Allah ne masani, Hajiya."

"To."

Ta karɓi takardarta, ta ninke, ta mayar cikin ledar, ta zuge jakar. Ta sauko daga gadon. Ta kama hannun Inna ta ɗaga ta daga ƙasa, ta gyara mata ɗankwali.

"Tashi, Inna. Mu tafi gida."

Inna ta tashi kamar mai tafiya cikin barci. Gwaggo ta ja mayafinta.

Har sun kai labule Malam Sama'ilu ya ce, "Tsaya."

Suka juyo.

"Ƙwayoyin da na ba ki jiya, Hajiya Shatu. Masu buɗe bakin mahaifa. Na ce a ba ta da safe kafin ku taso." Ya matso kusa. "Ba ku ba ta ba, ko?"

Gwaggo ta dubi Inna.

A waje injin niƙa ya tashi, ya cika ɗakin da ƙara.

"Saude," in ji Malam Sama'ilu. "Ba ku ba ta ba?"

"Na daka," in ji Inna. Da ƙyar aka ji ta. "A kunu."

"Nawa?"

"Duka."

Ya dafe bango.

Mas'uda ta tuna gari-garin a ƙasan kofin silba. Shanye duka. Ta tuna murɗawar da ta fara tun a mota. Yanzu ma tana nan, ta kama ta daga baya ta zagayo gaba, ta matse, ta ƙi saki.

Sai ta ji ɗumi yana bin cinyarta.

Ta san ɗumin nan. Ta san bambancinsa da ɗigo.

Ba ta duba ba. Ta sa tafin hannu ta juya fuskar Yasmin ta manna da cikin hijabinta, ta riƙe kan a wurin.

"Inna, ba ni wayata."

Inna tana kallon siminti, wurin ƙafafun 'yarta. Hannunta ya kasa buɗe jakar.

"Inna. Wayata. Lambar likita ce ta farko, ta biyu Abban Yasmin." Ta juya wurin Malam Sama'ilu. "Daga nan zuwa Kano awa nawa ne?"

"In... in hanya da kyau, biyu. Biyu da wani abu."

"Gwaggo, kira Maikasuwa ya juyo."

Gwaggo ta lalubo wayarta, ta danna, ta kara a kunne. Ta sauke ta duba. Ta ɗaga ta sama wajen taga. Ta fita da gudu ba takalmi, mayafinta yana jan ƙasa, suna jin ta tana ƙwala wa mai injin niƙa kira.

"Umma," in ji Yasmin daga cikin hijabi, muryarta a toshe. "Kin matse ni. Me ya zube?"

"Ba komai. Rufe idonki ki ƙirga min shanu."

"Ɗaya. Biyu. Uku."

Gwaggo ta dawo ta tsaya a bakin labule tana haki. Fuskarta ta koma kamar toka.

"Babu sabis," ta ce. "Kuma yau kasuwar Gwiwa ce. Ko babur ɗaya babu a garin."

"Shida," in ji Yasmin. "Takwas."